Baƙin Mai a Hannun Riga

Asabar, 16 ga Agusta, da hantsi

Meram, ni lafiyata ƙalau in ban da gwiwa. Ƙanenki Hammadu lafiya, ya dai rame. Maƙwabtanmu Baba Jonah da matarsa Maman Kezia lafiya, suna gaishe ki. Akuyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu, ɗaya bai tashi ba. Babanku da sauƙi.

Wannan littafin shi ne wanda Malamar ajin manya ta ba ni ranar da na gama, ta ce in riƙa rubutu kada hannuna ya mance. Shekara huɗu yana cikin kwalla. Yau na ciro shi. Ga sunanki na rubuta, ke 'yar fari da ban taɓa kiran sunanki da baki ba, kuma ba abin da ya same ni. Ban sani ba ko zan ba ki littafin. A waya ba na iya magana, kafin ki gama tambaya na ce lafiya. Kowa kuma cewa yake kada a tayar miki da hankali a Jos sai kin sauka.

Maganar a kan motar ce, akori-kurar babanku. Kin san Hammadu ne ke jigilar ɗanyen kifi da ita daga Katagum zuwa nan Azare tun ranar Talatar nan da ɓarin jikin babanku na dama ya shanye. Kullum bayan asuba yakan tayar da ita a gindin tagar babanku, ya bar ta tana ɗumi. Babanku yana kwance yana saurare. In ta yi ɗumi yadda yake so sai ya ɗaga hannun hagu, ni kuma in leƙa in ce wa Hammadu ya tafi. Bayan nan ne yake karɓar kunu. Kafin nan ko cokali ba ya buɗe wa baki.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Hammadu ya dawo da rabin kifi. Ya ce masu sababbin motoci suna wuce shi a hanya kamar yana tsaye, kafin ya iso masu suya sun saya sun watse. Na banda abin da zan iya, gidan duk hayaƙi.

Ya zauna a bakin murhu ya ce, "Inna, abu biyu ne. Ko in sa wa motar Baba turbo, ko in sayar da ita in ɗauko wadda ta zo da nata turbon daga kamfani."

Na ce mene ne shi. Ya nuna mini a waya, wani ƙarfe mai kamar dodon koɗi. Na ce, "Wannan ɗan abin?" Ya yi dariya, rabona da jin dariyarsa an daɗe. Ya ce akwai wani Alhaji Bubayero a Misau da ke son motar don jigilar amfanin gona, ya yi magana sau biyu.

Na ce ba za a sayar ba. Da ƙarfi na faɗa, har na ji babanku ya motsa a ɗaki.

Talata, 19 ga Agusta, da safe

Ba na son Talata. Ya sha kunu.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan azahar

Baba Jonah ya shigo da dararsa kamar kullum, ya shimfiɗa a gaban babanku, yana buga wa kansa yana buga masa, yana cewa, "Mamman, ka sake cuta ta." Shekara talatin yana gyaran motocin gwamnati kafin ya yi ritaya, don haka Hammadu ya gaya masa maganar. Ina tsince shinkafa, Maman Kezia tana taya ni.

Baba Jonah ya ce, "Yaro, ka san shekarun injin nan? Ya girme ka."

"Baba, a waya na gani, ana sa wa wadda ta fi ta tsufa."

"A waya. To in ta mutu maka a tsakiyar ruwa sai wayar ta sauko ta tura."

Sai ya yi mana bayani yadda har ni na gane. Ya ce hayaƙin da mota ke zubarwa shi ke juya wata 'yar fanka, fankar ta ɗura wa inji iska da ƙarfi, inji ya ƙara shan mai, ya ƙara ƙarfi, ya ƙara zafi. Wadda ta zo da shi daga kamfani, an yi mata fistin mai kauri da babban lagireto da hanyar baƙin mai tun a can, kowane ƙarfe ya san da zuwan abin. Ita kuwa tamu ba wanda ya gaya mata. Ya ce, "Kamar ka ɗauki mamanka Lois ka ba ta maganin ƙarfi ka ce ta yi tsere zuwa Misau."

Maman Kezia ta ce, "Yau kuma ni ce misalinka? Kai da sai an riƙe ka a matakalar coci?"

Muka yi dariya. Na juya in ga ko babanku ya yi. Gefe ɗaya na bakinsa ya yi.

Hammadu ya ce, "Baba, na san ta kamfani ta fi. Amma in na sayar, wa zai tayar masa da ita da safe?"

Baba Jonah ya tattara 'ya'yan dararsa. Ya ce, "Mai mota yana nan. Ku tambaye shi."

Hammadu ya ce, "Ta yaya?"

Baba Jonah ya ɗauki dararsa ya fita.

Juma'a, 22 ga Agusta, da hantsi

Kin kira. Na ce yana barci.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Yau na shiga motar na zauna ni kaɗai, ƙofa a buɗe. Har yanzu warin nan yana nan, kifi da man gas da turaren babanku.

Kin tuna zuwanmu Katagum kowace ƙaramar salla? Ke a cinyata, Hammadu a tsakiya yana riƙe da giya wai shi ne direba. Babanku ba ya gudu. In wani ya wuce mu da ƙura sai ya ce ku ɗaga masa hannu, za mu same shi a gaba bonet a buɗe. Sau da yawa kuwa mun samu. Sai ya tsaya ya gyara masa, mu muna zaune a inuwa muna cin ɗanwake mai sanyi, ina ta mita. A bakin kogi masunta su tarye shi, Direba ya zo, Direba ya zo. Kakarku ta fito da ƙwaryar nono. Duk sun tafi yanzu, saura kogin da motar.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bayan faifan nan na kare rana da ke saman gilashi, gefen direba, akwai wani rubutu da jan fenti. Shekara ashirin da wani abu ina ganinsa in ya sauke faifan, na ɗauka lambar kamfani ce. Watana uku a ajin manya, wata rana muna hanyar Disina rana ta buge shi ya sauke. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya a zuciyata. Ya, ka, ka. Sunana ne, Meram. Mutumin da bai taɓa kirana da shi ba, sai dai ke, ko ina kike. Na ce, "Malam, mene ne wancan?" Ya mayar da faifan sama ya ce, "Ashe makarantar nan ba wasa kuke yi ba." Har muka isa rana tana dukan idonsa bai sake saukewa ba.

Yanzu ki gaya mini yadda zan bar wani mutumin Misau ya sauke faifan nan.

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Hammadu ya kai motar gareji a duba ko injin zai ɗauki turbon. Kwana biyu, in ji bakaniken. Ni na ce ya kai.

Talata, 26 ga Agusta, da safe

Ba mota. Bai sha ba.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan azahar

Ba mota. Hammadu ya je garejin ya naɗo ƙarar injin a wayarsa, ya kawo ya ajiye a kan taga ya kunna. Babanku ya saurara kamar numfashi uku, sai ya juya fuska bango. Mutumin da ke jin motsin motar nan a ƙasan tabarmarsa, shi za a ruɗa da waya. Hammadu ya ɗauki wayarsa ya fita.

Cokali biyu na ruwa. Da sauƙi.

Alhamis, 28 ga Agusta, da hantsi

Ta dawo. Tun daga kwanar masallaci ya ji ta, kafin ni. Ya shanye kunu har da ƙari.

Bakaniken ya ce injin garau yake, zai ɗauka. An aika Kano a kawo kayan, ranar Laraba mai zuwa za a ɗaura. Na yi alwala na yi nafila.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan la'asar



Hammadu ya ce maganar Baba Jonah ta tsaya masa, zai tambayi mai mota. Baba Jonah ɗin ya tafi Bauchi. Muka ɗauko babanku a kujera zuwa ƙofar gida, karo na farko tun ranar. Hammadu ya buɗe bonet ya tayar da ita, ya ɗauko dogon sukudireban nan mai jan hannu. Kin san yadda babanku yake yi, ya kafa bakin a jikin inji, ya sa ƙotar a kunne, ya rufe ido. Daga Misau, daga Katagum, mutane sukan kawo masa mota kafin su saya don ya saurara musu. Hammadu ya durƙusa ya gaya masa komai a kunne, turbo da ƙarin ƙarfi da zafi. Ya riƙe masa bakin, babanku ya riƙe ƙotar da hagu. Wuri uku ya sa aka kafa masa. A na ukun ya daɗe.

Sai ya janye sukudireban, ya goge bakin a hannun rigarsa na dama, a hankali, gaba da baya. Ya miƙa wa Hammadu ta ƙota. Ya ɗora tafinsa a jikin motar ya bar shi nan.

Hammadu ya ce, "Inna, kin gani? Ya sa mata albarka."

Na ce na gani.

Babanku ba ya kushe mota a gaban mai ita, bai taɓa ba. In inji mai kyau ne sai ya buga bonet sau biyu da ƙotar, ƙwas ƙwas. In ya ji ajalinsa ya kusa, ba ya cewa komai, sai ya goge sukudireban a hannun riga ya ce wa mai saye su je su sha shayi. Maza ba su lura ba, Hammadu yana makaranta lokacin. Ni ce mai wanki. Shekara talatin ina sanin ranar da ya yanke wa mota hukunci daga baƙin man da ke hannun rigarsa.

Na cire masa rigar na ninke na sa a ƙasan kwalla.

Lahadi, 31 ga Agusta, da hantsi

Bakaniken ai ya duba. Shi ma sana'arsa ce. Wataƙila hannun babanku ne kawai ya ga datti.

Litinin, 1 ga Satumba, bayan azahar

Baba Jonah ya dawo. Hammadu ya ba shi labari da murna. Da yaron ya fita, ya kalle ni ya ce, "Hajiya, da ya gama saurare me ya yi da sukudireban?" Na ce ban lura ba, ina kallon akuya. Ya ce to. Ya shimfiɗa dara, amma yau bai ce an cuce shi ba.

Na sa wa babanku farar riga wankakkiya. Duk shigar da zan yi ɗakin sai ya kai hannun hagu kan hannun rigar dama ya shafa, gaba da baya, idonsa a kaina. Na gyara masa matashi. Ya shafa. Na ce ko sauro ne. Ya shafa.

Talata, 2 ga Satumba, da safe

Ta yi ɗumi, ya ɗaga hannu, Hammadu ya tafi. Na kawo kunu. Ya rufe baki, ya shafa hannun riga.

Talata, bayan la'asar

Ruwa tun azahar. Hammadu bai dawo ba, wayarsa ba ta shiga. Na tsaya a zaure ina kallon hanya. Akwai wurin nan da ruwa ke hawa kan titi in kogi ya cika, inda sai an taka mota da ƙarfi a fita. Yau da tsohon ƙarfinta za ta shiga, wanda ta sani. Daga gobe za a riƙa ɗura mata wanda ba ta sani ba, da kaya a baya, da ɗana a ciki.

Maman Kezia ta shigo da lema. Ta ce, "Yakaka, ranar Asabar na ga an fito da Malam da shuɗiyar riga. Na ga shanyarki jiya, ban gan ta a igiya ba." Matar nan ba abin da ke wuce ta. Na ce sabulu ne ya ƙare. Ta ce, "Gidanki? Ke da kike ba unguwa aro?" Sai na fashe da kuka, ta riƙe ni.

Ya dawo gab da magariba, jiƙe sharkaf, lafiya lau. Taya ce ta yi faci.

Laraba, 3 ga Satumba, da hantsi

Bayan asuba, kafin ya tayar da ita, na kira shi na ɗauko rigar na shimfiɗa masa a cinya. Na gaya masa ƙwas ƙwas, na gaya masa shayi. Ya daɗe yana kallon baƙin man.

Ya ce, "Tun Asabar kika sani."

Na ce tun Asabar.

"Inna, da kin bari an ɗaura?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyata ke nan, ban sani ba.

Ya ɗauki rigar ya shiga wurin babanku, na bi shi. Ya durƙusa ya nuna masa, ya ce, "Baba, ba za ta ɗauka ba ko?" Babanku ya rufe ido ya buɗe. Hammadu ya ce, "In na sayar, ba mai ɗumi da safe." Babanku ya laluba ƙarƙashin matashi, ya ciro makullin motar nan na biyu mai igiyar fata, wanda ko ni ba na taɓawa. Ya sa masa a hannu ya danƙe masa yatsu.

Sai ya kalle ni ya buɗe baki. Ba a tayar da mota ba, amma ya sha. Rabin kofi.

Hammadu ya kira gareji ya ce a mayar da kayan Kano.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Alhaji Bubayero ya zo. Hammadu ya gaya masa hukuncin babanku bai rage komai ba. Alhajin ya ce shi daga gona zuwa gida ne, a hankali, in ta tsaya a yi mata aikin inji. Mutumin kirki ne, na so a ce ba shi da kirki. Ranar Alhamis zai aiko a ɗauka.

Dillali ya kawo wadda Hammadu yake so a gwada, fara, 'yar Kwatano. In an taka ta tana wani siririn fito kamar buta a wuta. Muka sake fito da babanku. Baba Jonah ya ce, "Mamman, ga amarya, a duba mana haƙoranta." Aka kafa masa sukudireba. Ya yamutsa fuska da ya ji fiton, amma bai janye ba. Wuri huɗu. Ya daɗe ƙwarai. Ya ɗaga ƙotar ya buga a jikinta, ƙwas. Hannun ya zame ya faɗi kan cinyarsa.

Muka jira na biyun. Ba wanda ya yi motsi. Bai goge ba, Meram, na kalli hannun rigar da kyau, bai goge ba. Amma sau ɗaya ya buga.

Baba Jonah ya ce, "Muna bin ka bashin na biyun, ka buga in ka huta." 

Asabar, 6 ga Satumba, da safe

Hammadu ya kwance faifan kare ranar da sukudireban babanku, ya kawo mini a naɗe da tsumma.  Ashe yaron ya daɗe da sani.

Maman Kezia za ta Jos ranar Litinin wurin 'yarta, zan ba ta littafin nan ta kawo miki. Na fasa yage ko shafi ɗaya.

Ranar Laraba za mu kai babanku Katagum a motar, zuwa na ƙarshe, ya ga kogi. A hankali za mu tafi, duk wanda ya wuce mu mu ɗaga masa hannu. Daga Juma'a farar ce za ta yi ɗumi a gindin taga. Ban sani ba ko zai ɗaga mata hannu. Ban sani ba ko zai sha.

Ba na ce ki taso da nauyin da ke jikinki ba, wannan ke da mijinki da likita. Amma ki aiko mini da amsa kafin Laraba. In za ki iya zuwa, gaban motar yana cin mutum uku, ni sai in zauna a baya wurin kifi. In ba za ki iya ba, ki kira bayan asuba lokacin da take ɗumi, zan sa masa wayar a kunne. Ba zai amsa miki ba, tun ranar Talatar nan bai yi magana ba. Duk ranar da na ce miki yana barci, idonsa biyu, yana kallon wayar a hannuna.